Yadda za ka rubuta rahoto kan muhawarar auren jinsi a Amurka

Idan edita ya ba ka aiki kan auren jinsi a Amurka, kada ka tsaya ga raba mutane gida biyu, masu so da masu ƙi. Wannan kowa ya sani. Abin da ɗalibaina na aikin jarida suke yawan tsallakewa shi ne rigimar cikin gida: su kansu masu fafutukar ba su taɓa haɗa baki kan cewa aure ne ya kamata a sa a gaba ba.

Fara da 1989. Lauyoyi biyu na ƙungiya ɗaya, Lambda Legal mai kare haƙƙin masu neman jinsi a kotu, suka yi musayar ra'ayi a rubuce. Tom Stoddard yana ganin aure ne zai buɗe ƙofar sauran haƙƙoƙi. Paula Ettelbrick kuwa tana ganin zai amfani waɗanda suka ɗaura shi ne kawai, ya bar saura a rana. Kusan duk gardamar da ta biyo baya daga nan ta samo tushe.

Daga nan sai ka bi takardu da kuɗi, domin a can aure yana tafe da gado, haraji da inshorar lafiya. Lokacin da cutar ƙanjamau ta yi ƙamari, mutum zai yi jinyar abokin zamansa shekaru, ranar ƙarshe a tare shi a ƙofar ɗakin asibiti a ce shi ba dangi ba ne. Edith Windsor ma harajin gado na dala 363,053 ne ya kai ta kotu bayan rasuwar matarta Thea Spyer, don gwamnatin tarayya ba ta amince da aurensu ba, ta yi nasara a Kotun Ƙoli a 2013.

Sai ka juya ka tambaya: wanda ba shi da abin gado fa? Masu suka sun ce matashin da iyaye suka kora daga gida, ko ma'aikacin da aka sallama, takardar aure ba ta tsinana masa komai. Ni dai ina ganin nan ne hujjarsu ta fi nauyi, kuma kwanan wata yana mara musu baya. Ranar 10 ga Satumba 1996 Majalisar Dattawa ta amince da dokar da ta hana gwamnatin tarayya amincewa da auren jinsi, da ƙuri'u 85 da 14. A ranar ce kuma ƙudurin hana korar masu neman jinsi daga aiki ya faɗi, 49 da 50. Aure ya halatta a duk ƙasar a 2015, amma kariya daga kora sai a 2020 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita. Tsakanin nan, a jihohi da dama, mutum zai iya ɗaura aure ranar Asabar a kore shi Litinin.

Wajen hira, tambayi mai magana jiharsa da shekarar da yake nufi, don dokar Masachusets, inda aka fara auren jinsi a 2004, ba ita ce ta Tezas ba. Kuma kada ka cusa dokar Najeriya ta 2014 da ta haramta auren jinsi a tsakiyar labarin. In editan yana so, ba ta nata rahoton daban.