Kurakuran da ake tafkawa wajen kwatanta Windows da Mac da Linux

Yawancin masu musun wanne ya fi tsakanin Windows da Mac da Linux ko wanda ke kan teburinsu ba su gama sani ba, kuma abin yana damuna sosai, don sai ka ga mutum ya kashe kuɗi ko ya yi wa kwamfutarsa fomatin a kan abin da maɓalli biyu za su gyara masa.

Mu fara da jera tagogi. Mutum ne zai zauna yana jan gefen taga da maus kaɗan-kaɗan don ya ajiye Word kusa da birauza, alhali tun Windows 7 a 2009 in ka danna maɓallin Windows da kibiyar hagu ko dama tagar za ta kama rabin allo da kanta. A Windows 11 danna Windows da Z ka zaɓi yadda za a raba maka allon, in bai ishe ka ba ga FancyZones nan cikin PowerToys, kyauta ne kuma na Microsoft ne. A wannan fannin dai Windows ta daɗe da yi wa Mac nisa, sai a macOS Sequoia na 2024 Apple suka kawo nasu, kafin nan sai ka sa Rectangle ko makamancinsa.

Wanda ya koma Mac kuma sai ya tafi da sabon da ya yi da Windows a hannunsa. Ya danna jan maɓallin nan ya ɗauka ya kashe manhajar, ashe taga kawai ya rufe, Cmd da Q ne ke kashe ta. Cmd da Tab ma tsakanin manhajoji yake yawo da kai, ba tsakanin tagogi ba.

Linux kuwa ba abu ɗaya ba ne. Yaro zai ga bidiyon i3 ko Hyprland, manhajojin jera tagogi na Linux, tagogi na jeruwa da kansu gwanin sha'awa, ya goge komai ya ɗora, washegari ya rasa yadda zai haɗa firinta. Ka sa Linux Mint ko wani mai KDE Plasma a filash, ka kunna daga filash ɗin ba tare da ka ɗora ba, ka gwada Wi-Fi da sauti da firinta tukuna. In kuma da CorelDRAW ko Photoshop kake cin abinci ka sani ba su da na Linux, kar wani ya ruɗe ka. Za ka haɗa Windows da Linux a kwamfuta ɗaya? Rubuta lambar ceto ta BitLocker, abin da Windows ke kulle bayanan diski da shi, a takarda kafin ka taɓa komai.

Sai maganar amana, a nan ne na fi jin ciwo. Za ka ji mutum yana cewa bai yarda da Microsoft ba, kuma yana da hujja, ai a 2024 da suka sanar da Recall mai ɗaukar hoton allonka a kai a kai sai da mutane suka yi ca a kansu har suka ɗage shi, to amma kwamfutar mai maganar Windows ɗin kirak ne aka ɗora masa a shago, an kashe masa Defender, rigakafin birus na Windows, don manhajar kirak ɗin ta shiga, bai san wa ya haɗa ta ba, kuma a kanta yake buɗe imel da asusun bankinsa. Wannan ya fi Recall haɗari nesa ba kusa ba. Ka sauke Windows daga wajen Microsoft da kanka, ka kunna Defender ka bar shi a kunne.

Kar kuma ka ce tunda Linux a buɗe yake, kowa na iya duba yadda aka rubuta shi, shi kenan. A Maris 2024 aka gano wata ƙofar baya da aka dasa cikin XZ Utils, wata manhajar matse fayil da Linux ke amfani da ita, Andres Freund ne ya gano ta, ma'aikacin Microsoft ma kuwa. Buɗewar ce ta sa aka kama da wuri, amma hakan bai ba ka damar kwafo kowane umarni daga intanet ka liƙa a tamina, wajen rubuta umarni, da sudo, kalmar da ke ba umarni cikakken iko a kan kwamfutar, ba.

Masu tsofaffin laftof na hannu, Windows 10 ta daina samun tallafi na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta. In taka ba ta kai ba, ni da a yi maka dabarar tsallake sharaɗin gara ka gwada Mint ɗin nan a filash ka gani.