Darasi na Bakwai: Gyada Mai Ɗaci da Rubutun da Ke Cikin Jikinmu

Kowa a ajin nan ya taɓa jefa gyada a baki ya ji ta da ɗaci, ya tofar. Wani kuma ba ya tofarwa, sai ya ƙara wata a kai ya haɗiye. Darasinmu na yau a kan wannan gyadar yake.

Mu fara da allo. Malami ya rubuta kalmar nan: GARI. A goge G, a sa T a gurbinsa. Me ta koma? TARI. Harafi ɗaya kawai aka taɓa, amma magana ta sauya gaba ɗaya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Rubutu a cikin jiki

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai wani zare siriri da masana ke kira DNA. Da za a warware na ƙwaya ɗaya, tsawonsa zai kai kusan mita 2. A jikin zaren akwai rubutu, kuma da haruffa huɗu kacal aka yi shi: A, C, G da T. Rubutun nan ne yake gaya wa ƙwaya aikinta, da lokacin da za ta hayayyafa, da lokacin da za ta tsaya.

Kullum rubutun yana samun kuskure, kullum kuma jiki yana gyarawa. Allah Ya yi mana masu gyara a ciki. Amma idan ɓarna ta yi yawa, shekara da shekaru, wani kuskuren yakan kuɓuce musu. In ya faɗa a wurin da ke riƙe da linzamin ƙwaya, sai ta yi ta hayayyafa ba tsayawa. Wannan shi ne ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara ko kansa.

Yadda aka gano dafin

A shekarar 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila. Da aka bi sawu, sai aka tarar tunkuzar gyada ce da aka kawo daga Burazil ake ba su. Fumfuna ta kama ta, fumfunar kuma tana fitar da dafi. Aka raɗa wa dafin suna afulatoksin. Wannan fumfuna a cikin ƙasa take zama, tana son zafi da laima, ta fi kama gyada da masara. Ke nan ba baƙuwarmu ba ce.

Ga abin da yake faruwa in mutum ya ci. Dafin yana wucewa hanta, domin aikin hanta ne tace abin da muka ci. Garin ƙoƙarin narkar da shi, sai hanta ta mayar da shi wani abu mai danƙo, wanda yake zuwa ya manne a jikin harafin G. Idan ƙwaya ta zo kwafe rubutunta, ba ta iya karanta wurin da kyau, sai ta sa T. GARI ya koma TARI.

A 1991 masu bincike suka duba hantar masu ciwon daji a gundumar Cidong ta ƙasar Sin da kuma kudancin Afirka, wuraren da ake cin abinci mai wannan dafi. A cikin da yawa daga cikinsu suka ga kuskure iri ɗaya, a wuri ɗaya: G ya koma T a wani sashe da ake kira p53. Wannan sashe kamar birki yake a mota. Daga baya an ga irin wannan tabo a Gambiya. A ƙasashen da abincinsu ba shi da dafin kuwa, da wuya a gan shi. Ɓarawo ya bar sawunsa ke nan.

Abin ya fi muni ga mai ɗauke da cutar hanta nau'in B, wadda take da yawa a ƙasashenmu, kuma mutum yakan yi shekaru da ita bai sani ba. In cutar da dafin suka haɗu a hanta ɗaya, haɗarin yana ninkawa sau da yawa. Shi ya sa allurar da ake yi wa jariri cikin sa'a 24 da haihuwa ba abin wasa ba ce. Babba ma yana iya zuwa asibiti a gwada jininsa.

Inda muke kuskure

A nan zan ɗan tsaya. Mu kan tsince gyada mai kyau mu kai kasuwa, wadda ta motse ko ta yi baƙi mu bar ta a gida, mu ce ai za a yi ƙuli da ita, ko a ba kaji da awaki. Kyakkyawar ta tafi wurin baƙo, mummunar ta shiga kunun 'ya'yanmu. Suya ba ta kashe dafin. Tafasa ma ba ta kashe shi. Saniyar da ta ci dusa mai fumfuna kuwa, wani abu daga dafin yana fitowa a nononta. Kuma ba duk ƙwayar da ke da dafi ce take ɗaci ba, don haka harshe bai isa mai gadi ba.

In dafin ya yi yawa a lokaci ɗaya, ba ya ma jiran shekaru. A 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya saboda masara mai fumfuna.

Abin da hannunmu zai iya

A yankin Kindiya na ƙasar Gini an yi gwaji a ƙauyuka 20, aka fitar da sakamakon a 2005. Rabin ƙauyukan an koya musu abubuwa masu sauƙi: su tsince gyada da hannu, su shanya ta a kan tabarma ba a ƙasa ba, ta bushe sarai, su zuba a buhun algarara, su ɗora buhunan a kan katako, su kare ta daga ƙwari. Bayan watanni aka auna jininsu. Dafin da ke jikinsu bai kai rabin na sauran ƙauyukan ba. Ba inji, ba magani mai tsada.

Mu ma haka za mu yi. A cire gyada a kan kari, kada a bar ta a tsibe ruwan ƙarshen damina ya dake ta. Da yamma a kwashe shanya saboda raɓa. Busasshiyar gyada tana kacau-kacau in an girgiza ta a ɓawonta. Masara kuma ga gwaji: a sami busasshiyar kwalba, a zuba masara da busasshen gishiri, a rufe, a girgiza. In gishiri ya manne a jikin kwalba, a mayar da ita rana. Buhu kada ya jingina da bango. Wadda aka tsince mai fumfuna a binne ta. Akwai kuma Aflasafe, wani maganin rage fumfuna mai dafi, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, ana watsa shi a gona mako 2 zuwa 3 kafin amfani ya yi fure. A tambayi malamin gona.

Ba fumfuna kaɗai ke ɓata rubutun jiki ba. Hayaƙin taba da na taya da ake babbaka da ita suna yi. Fetur ma yana da wani sinadari mai jawo ciwon daji na jini, don haka a daina zuƙo shi da baki ko wanke hannu da shi. Za mu yi darasinsu nan gaba.

Aiki

1. Rubuta haruffa huɗu na rubutun jiki.
2. Sauya G da T a waɗannan kalmomi, ka karanta da ƙarfi: gari, gafiya, gaba.
3. A gidanku, ina ake kai gyadar da aka tsince? Ku tattauna.
4. Manomi yana da buhu 12 na masara. Buhu 3 sun yi fumfuna. Saura nawa?
5. Kowa ya zo da busasshiyar kwalba, da gishiri kaɗan, da tafin masara daga rumbunsa ranar darasi na gaba.