Mai son sayen ƙaramin jirgin tagwaye na filafilai, duba ƙasansa tukuna

Jama'a in za ka sayi jirgin nan mai gangar jiki biyu da iska ke turawa, zaɓi wanda ba shi da allon da ake zurawa cikin ruwa ta ƙasa.

Dalili, ruwanmu na nan kamar dam ɗin Goronyo da gulbin Rima da rani ja yake baya sosai, yashi ko'ina, allon nan yana bugun ƙasa sai ya tsage, kuma samun kayansa a Sakkwato da wuya.

Samfurin jirgin da ake kira Hobie 16 ba shi da allon, tsawonsa kusan mita 5, amma jikinsa na faiba ne (fibreglass) kuma ya fi son mutum biyu, in iska ta yi ƙarfi irin ta hunturu yana iya kifewa ta goshi. In kai kaɗai ne kuma sabon shiga, wallahi samfurin Hobie Wave ya fi maka, shi ma ba shi da allon, jikinsa roba ce mai kauri, ko ka ja shi bisa yashi ba komai.

Inda shawarar ba ta aiki: in tsere za ka yi a ruwa mai zurfi, mai allon ya fi iya tunkarar iska. Kuma robar in ta fashe liƙinta ya fi na faiba wahala.