Kurakuran da masu gini ke tafkawa da ƙasar filinsu

Na gaji da ganin mai sabon fili ya kira katafila tun ranar farko, kafin rana ta take an kankare baƙar ƙasar sama an loda a tifa kamar shara. Wannan ƙasa, wadda kaurinta bai cika wuce santimita 30 ba, ita ce rumbun kabon, wato sinadarin da tsirrai ke zuƙa daga iska su gina jikinsu da shi. Ruɓaɓɓen ganye da matattun saiwoyi ne suka baƙanta ta, kuma kusan rabin nauyin ruɓin nan kabon ne. Da an tone ta an farfasa, iska ta ratsa ta, sai ƙwayoyin halittar cikinta su hau cin ruɓin ba ƙaƙƙautawa, kabon ya tashi ya shiga iskar da ke ɗumama duniya.

Ni ma na sha wannan ɗacin. A ginina na farko na bar leburori suka cakuɗa ta da jar ƙasar da suka haƙo daga ramin harsashi, aka baje a tsakar gida. Wurin ya ƙanƙame kamar dutse. Duk bishiyar da na dasa sai ta tsumbure ta bushe, na yi shekaru ina zuba taki kafin na sake ganin tana, wato tsutsar ƙasa, ko ɗaya. Har yau abin yana ci mini rai. Yanzu kafin a buga diga, sai an kwashe ƙasar sama daban an tara a kusurwa, tsibin kada ya wuce mita 2, in shuka ciyawa a kansa. In an gama gini a mayar da ita.

Sai sakin manyan motoci su yi ta zagaye fili, musamman bayan ruwa. Haba! Ƙasar da tifa ta danne tana jiƙe ba ta shan ruwa, saiwa ba ta huda ta, to ta ina sabon kabon zai shiga? Hanya ɗaya nake ja wa direbobi, in kafa turaku, wanda ya kauce mu ɓata.

Kada a ƙone ciyawa da rassan da aka sare, a tara su ruɓe. Kada a binne ɓaraguzai da buhunan siminti a inda za a yi shuka. Bishiyar da aka tarar a fili a kewaye ta iya faɗin inuwarta, don yawancin saiwoyinta a sama-sama suke.

Daɓe tsakar gida kaf da kankare kuwa, toshe wa ƙasa baki ne: ba ganyen da zai faɗa mata, ba saiwar da za ta ciyar da ita. Ni hanyar ƙafa da wurin ajiye mota kawai nake daɓewa.