Yadda ake gwada kwafin darakta da kwafin sinima na manyan finafinan tarihi

Akwai maganar da nake yawan ji a bakin masu kallo wai duk fim ɗin da aka rubuta masa Director's Cut, wato kwafin darakta, to shi ne na gaskiya, wanda aka haska a sinima kuwa gutsure ne. Wani lokacin haka ne, wani lokacin kuma sam ba haka ba ne, kuma ba za ka gane ba sai ka zauna ka gwada su da kanka. Ga yadda nake yi, kuma na san yana cin lokaci don finafinan nan ba gajeru ba ne.

Kafin ka kunna komai, fara da tantance wane kwafi ne ma a hannunka. Kar ka yarda da rubutun da ke jikin kwali ko sunan fayil, duba tsawon mintocin. Kingdom of Heaven na Ridley Scott da ya fito a 2005 minti 144 ne a sinima, na darakta kuwa ya kai 194 idan aka haɗa da kiɗan buɗewa da hutun tsakiya. Troy na Wolfgang Petersen minti 163 ne a 2004, na darakta da ya biyo baya a 2007 minti 196. Napoleon na 2023 minti 157, daga baya aka ƙaro masa wajen minti 48. Sai dai ka lura, tsofaffin faifan DVD na tsarin talabijin ɗin da ake kira PAL suna gudu da hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24 na sinima, don haka fim zai ragu da kusan kashi 4 cikin 100 ba tare da an yanke ko sin ɗaya ba, mutane da yawa suna ganin ragin minti shida ko bakwai sai su ɗauka an cuce su alhali gudun faifan ne kawai.

Daga nan sai ka bincika wa ya yi wannan dogon kwafin. Wannan wajen yana da muhimmanci sosai don kamfani ma yana iya kwaso ragowar sin ɗin da aka zubar ya mayar don a sake sayen fim. Gladiator na 2000 minti 155 ne, a 2005 aka fitar da mai minti 171, amma Ridley Scott da bakinsa a gabatarwar faifan ya nuna cewa wannan ba shi ne kwafin darakta ba, wanda aka gani a sinima shi ne nasa. Shi kuwa Alexander na Oliver Stone ai nasa ya fi rikitarwa, kwafi huɗu gare shi: na sinima a 2004 minti 175, na darakta a 2005 wanda ma ya fi shi gajarta, minti 167, sai mai minti 214 a 2007, sannan wani na huɗu ya sake fitowa bayan wasu shekaru. Ka ga ke nan kwafin darakta ba dole ya fi tsawo ba.

Yanzu sai kallo. Ni dai shawarata ka fara da na sinima, ko da kowa ya ce maka ɓata lokaci ne. Dalili shi ne in ka fara da dogon, kanka ya riga ya cika da bayanan da gajeren bai bayar ba, duk ramin da ke cikinsa ƙwaƙwalwarka za ta cike shi ba ka sani ba. Ka ajiye takarda da biro kusa, duk inda ka ji kana tambayar kanka "to me ya sa ta yi haka?" ko "wannan kuma daga ina ya fito?" ka rubuta tare da mintin. Waɗannan tambayoyin su ne ma'auninka. Ka bar kwana biyu ko uku tsakani kafin ka kalli na biyun, kar ka haɗa su a dare ɗaya, awa biyar da rabi na yaƙi da ƙura zai gajiyar da kai har ka tsani duka biyun.

Idan ka zo kan dogon kwafin, abin da za ka nema shi ne ko ya amsa tambayoyin da ka rubuta. A nan ne Kingdom of Heaven ya zama misalin da ya fi kowanne. A kwafin sinima gimbiya Sibylla tana komawa kamar wadda ta zauce bayan rasuwar ɗan'uwanta sarki Baldwin mai ciwon kuturta, ta naɗa wa mijinta Guy sarauta duk da ta san halinsa, ta yanke gashinta, kai kuma mai kallo ka rasa ina abin ya dosa. A na darakta sai ka tarar ashe tana da ɗa ƙarami wanda aka cire shi gaba ɗaya daga fim ɗin, shi ya gaji sarautar, sai ta gano ba ya jin zafi a jikinsa wato shi ma kuturtar ta kama shi, ta ba shi guba da hannunta don kar ya sha wahalar da kawunsa ya sha. Wallahi duk wanda ya ga wannan ba zai sake kallon matar nan da idon da ya kalle ta da farko ba. Haka Balian, jarumin fim ɗin, a sinima maƙeri ne da ya wayi gari ya iya tsare Birnin Ƙudus daga rundunar Salahuddin, a dogon kuwa an nuna ya taɓa zuwa yaƙi kuma ya san aikin injinan kai hari kan ganuwa, sannan limamin cocin da ya kashe a farkon fim ɗan'uwansa ne. Irin wannan ƙarin shi nake kira gyara, don ya canza dalilin da ya sa mutane suke aikata abin da suke aikatawa.

Akwai kuma ƙarin da jini ne kawai da tsawaita faɗa. Mafi yawan abin da za ka fi lura da shi a dogon Troy na wannan layin ne, musamman daren da aka ci birnin, an nuna kisan mata da yara ƙarara. Ba zan ce ba shi da amfani ba, ya cire wa yaƙin kwalliya ya nuna muninsa, amma bai sauya labarin ba. Sai ka ware su gida biyu a takardarka, wanda ya taɓa labari da wanda ya ƙara yawa kawai.

Kar ka manta da kunne. Mutane suna ƙirga sin su manta da kiɗa, alhali a Troy an sake jera kiɗan James Horner, har faɗan Hector da Achilles aka cire masa gangunan nan da suka sa shi armashi a sinima aka sa kiɗan da aka ɗauko daga wani fim daban. Ni a wajena wannan asara ce, kuma ita kaɗai ta isa ta sa wani ya zaɓi gajeren. Ka duba jerin labarin ma, don a Alexander na 2007 an janyo yaƙin Gaugamela zuwa farko-farko, ana ta kai da komo tsakanin yarintarsa da girmansa, yawancin sin ɗin dai su ne amma fim ɗin ya zama wani abu daban. Hanya mafi sauƙi ita ce ka zaɓi sin biyu ko uku da suke cikin duka kwafin, ka kalle su a jere, wannan sannan wancan.

Sai batun tarihi, wanda a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Tsawon fim ba ya nufin ya fi kusa da abin da ya faru. Gaskiya ne Salahuddin ya ci yaƙin Hittin a 1187 ya karɓi Ƙudus a shekarar, kuma Balian na Ibelin ne ya jagoranci tsaron birnin ya yi sulhun miƙa shi, amma Balian na ainihi babban basarake ne a can, ba maƙerin da ya taso daga Faransa ba ne. Yaron Sibylla ma ya rayu da gaske, Baldwin na biyar, ya rasu a 1186 yana ƙarami, amma zancen gubar nan ƙirƙirar marubucin fim ne. Wato ɓangaren da ya fi gyara fim ɗin shi ne kuma aka ƙaga. Don haka ka raba hukuncinka biyu, wanne ya fi a matsayin fim, wanne ya fi kusa da tarihi, kar ka cakuɗa su.

A ƙarshe ka koma kan takardar farko ka soke duk tambayar da dogon kwafin ya amsa. In yawancinsu sun tafi to kwafin darakta ya ci sunansa, in kuma suna nan daram bayan ƙarin minti talatin ko arba'in to tsawo kawai aka ba ka. A tawa takardar, Kingdom of Heaven na darakta nake kallo ban ma komawa na sinima, Gladiator na sinima, Troy kuwa har yanzu ina ajiye da duka biyun saboda wancan faɗan.