Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Kallon Taurari a Katsina

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne zaton cewa taurari ne suke tafiya. Wanda ya ga Kaza da 'Ya'yanta a gabas bayan sallar isha a watan Nuwamba, sannan ya fito sallar asuba ya tarar ta gangara yamma, zai iya rantsewa tafiya ta yi, alhali duniya ce ta juya da shi daga yamma zuwa gabas, digiri 15 a kowace awa. Gyaran ba ya bukatar na'ura. Mutum ya tsaya wuri ɗaya, ya daidaita tauraruwa da zankon soro ko kan bishiya, ya dawo bayan awa guda, zai ga ta gusa tare da dukkan maƙwabtanta ba tare da tazarar da ke tsakaninsu ta sauya ba.

Daga nan sai kuskuren neman tauraruwa inda aka bar ta watan jiya. Saboda duniya tana zagaya rana, kowace tauraruwa tana riga lokacin fitowarta na jiya da kimanin minti 4, wanda yake taruwa ya zama awa 2 a wata. Shi ya sa Kaza, wadda malamai ke kira Surayya, take kwana a sama a farkon hunturu, amma a watan Mayu hasken rana ya rufe ta, sai a Yuni ta sake ɓullowa da asuba, daidai lokacin da manoman Katsina da Daura suke sauraren ruwan shuka. A nan ne na fi ganin ana ruɗewa, domin mutane da yawa suna ɗaure taurari da watannin Musulunci. Lissafin taurari 28 da malamanmu suka daɗe suna yi wa manoma da rana yake tafiya: kowace tauraruwa kwana 13, Jabha kaɗai ke da 14, jimla 365. Shekarar Hijira kuwa ta gaza haka da kimanin kwana 11, don haka tauraruwar da aka gani da asubar azumin bana ba lallai a same ta a wurin ba a azumin shekaru biyar masu zuwa. Wanda yake son ya riƙe lokacin tauraruwa, ya haɗa ta da bazara, damina, kaka ko hunturu.

Ana kuma ɗaukar Tauraruwar Arewa a matsayin wadda ta fi kowace haske, sai a yi ta nemanta a tsakiyar sama. Taurari fiye da 40 sun fi ta haske, kuma darajarta ita ce kusan ba ta gusawa, sauran ne ake gani suna kewaya ta. Tsayinta daga ƙasa daidai yake da nisan gari daga layin da ya raba duniya arewa da kudu (ikweta), wato kimanin digiri 13 a Katsina, ɗan sama da faɗin dunƙulen hannu idan an miƙe shi. Gini ko hazon hunturu na iya ɓoye ta, saboda haka a fita bayan gari inda arewa take fili. Mai neman alƙibla da ita ya kula sosai, domin ko da yake mun saba cewa mun fuskanci gabas, alƙiblar Katsina ta karkata arewa da gabas ɗin da kimanin digiri 20.

Zara da Gamzaki abu ɗaya ne, kuma duniya ce mai zagaya rana kamar tamu. Idan ta biyo bayan rana a gan ta da magariba, idan ta riga ta fitowa a gan ta da asuba, kuma ba ta nisa da rana fiye da kimanin digiri 47, don haka abin da aka gani yana ƙyalli a tsakiyar sama da tsakar dare ba ita ba ce. Kiranta matar wata ma bai sa kullum suna tare ba, tunda wata yana matsawa gabas kimanin digiri 13 kowane dare.

Akwai kuma zaton cewa taurarin da suka haɗu suka ba da siffa ɗaya maƙwabtan juna ne. Rukunai 88 da masana suka amince da su a 1922 rabon sararin sama ne kamar yadda muke hangensa daga nan, kuma a rukuni ɗaya wata tauraruwa tana iya ninka wata nisa sau goma. Kaza ta fita daban, domin 'ya'yanta da gaske tare suke, a nisan da haske ke shafe kimanin shekara 440 kafin ya iso gare mu.