Renon Yara a Ingila, Inda Babu Kaka a Tsakar Gida

A makon jiya, a garinmu da ke kusa da Ringim, ƙanwata wadda mijinta ya samu gurbin karatu a Ingila ta zauna kusa da ni a kan tabarma bayan sallar isha'i, tana tambayata ko ta zuba kuka da daddawa a jaka. Na ce mata kayan miya ana samun su a shagunan 'yan Afirka a Landan ko Bamingam, amma ta shirya wa rashin mutanen da ke taya ta reno, domin a nan ɗa na kowa ne, a can kuwa daga ita sai mijinta.

Ga shawarar da na ba ta daga abin da na koya a zamana a Ingila: a makon farko da isarku ku yi wa kowa rajista da likitan unguwa, wanda suke kira GP. Rajistar kyauta ce a ƙarƙashin hukumar lafiya ta NHS, kuma wanda Turancinsa bai nuna ba yana da haƙƙin neman tafinta, saboda haka kada a sa yaro ya fassara ciwon mahaifiyarsa. Ku tafi da katin rigakafin da aka ba ku a asibitin sha-ka-tafi, domin da shi za a gane allurar da ta rage. Babu kemis ɗin da zai sayar muku da maganin kashe ƙwayoyin cuta na sha haka kawai, sai likita ya rubuta ko mai harhaɗa magani ya duba mara lafiya, amma maganin da likita ya rubuta wa yaro ɗan ƙasa da shekara 16 kyauta ne. Idan zazzaɓi ya taso da dare a kira 111 don neman shawara, idan kuwa numfashi yana sarƙewa ko yaro ya suma, a kira 999.

Mu da muka tashi a ranar Jigawa ba mu taɓa tunanin hasken rana zai yi wa jiki ƙaranci ba. A can, daga Oktoba zuwa Maris ranar ba ta da ƙarfin da fata za ta samar da bitamin D, shi ya sa ake shawartar masu duhun fata da matan da ke suturta jikinsu su sha maikirogiram 10 kullum, duk shekara, kuma a ba yara masu shekara 1 zuwa 4 irin wannan adadin, don kada ƙashinsu ya yi laushi ƙafafu su gwame. Mai jego ta sani cewa a kwana na 5 za a ɗebi ɗigon jini a diddigen jaririnta don gwajin sikila da wasu cututtuka, kuma kada ta ƙi. Ba a ba jariri zuma kafin ya cika shekara, kwallin gargajiya sau da yawa yana ɗauke da dalma, kaciyar mata kuma babban laifi ce ko da gida Najeriya aka kawo yarinyar aka yi mata lokacin hutu. Idan za ku zo ganin gida da damina, ku karɓi maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, domin juriyar jiki tana raguwa bayan an daɗe a waje.

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne magana da 'ya'yana. Na tashi a gidan da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, kuma ina ganin kyan wannan kunya har gobe, amma tana tafiya daidai ne saboda akwai kaka da gwaggo da kawu waɗanda yaro ke kai wa kukansa. Ɗana na fari ya yi makonni yana dawowa daga makaranta ya ajiye jaka ya shige ɗaki, ni kuwa ina cewa natsuwa ce, sai ranar da muke tsince shinkafa tare ya ce, yana kallon faranti, "Umma, yara suna dariyar yadda nake magana." Tun daga ranar na ware lokaci bayan magariba, a kashe waya, kowa ya faɗi abin da ya gani a yininsa, kuma na koyi haɗiye faɗa har sai yaro ya kai ƙarshen zancensa.

Bulala ba za ta yi muku wannan aikin ba. Sukotilan ta haramta dukan yara gaba ɗaya a 2020, Wels ta bi sahu a 2022, a Ingila kuma dukan da ya bar tabo laifi ne, malaman makaranta kuma wajibinsu ne su kai rahoto ga ma'aikatan kula da yara. Don haka dole baki ya yi aiki, har a kan abubuwan da muke jin nauyinsu. Uwa ce za ta yi wa 'yarta bayanin haila kafin ta zo mata, uba ne zai yi wa ɗansa bayanin balaga da wankan janaba, kuma tun suna ƙanana a koya musu cewa al'aurarsu tasu ce, duk wanda ya taɓa su a wurin su faɗa, ba za a yi musu faɗa ba.

Ku yi duk wannan hira da Hausa, domin Turanci zai same su a makaranta cikin 'yan watanni. Na roƙi ƙanwata ta riƙa kiran Inna ta WhatsApp kowace Juma'a, ta miƙa wa yaran wayar, Inna ta ce musu "ga ta nan, ga ta nanku", su kuma su amsa mata.